Ɗan Mexico da Muka Ɗora a Keken Guragu

Har gobe ban manta da ranar sha biyu ga Disamba ba, shekarar gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a Doha. Kamfaninmu na gadi ya ɗauke ni daga filin wasa ya kai ni ƙofar harabar coci-coci da ke bayan gari. Ku sababbin zuwa aikin nan, dokar wurin ita ce duk wanda ya faɗi a ɗora shi a keken guragu a kai shi inuwa. In mutum ya some a gabanka kana kallo, khalas, an kore ka, kai da Doha sai a hoto.

Da hantsi motar haya ta sauke wani ƙaton ɗan Mexico, ga tumbi ga koriyar riga, rungume da hoton wata mata mai mayafi da taurari. Yana wuce ni sai ya zube a gwiwa ya fara jan jiki. Na ce shi ke nan, abincina ya ƙare. Oga ya daka mini tsawa ta rediyo: "Yalla, maza ɗauke shi!"

Ni da abokin aikina muka cicciɓe shi. Yana ihu da yarensu, muna yi masa sannu. Na tura keken a guje har bakin cocin Katolika, ina jin kaina gwarzo. Mutumin ya sauka da ƙafarsa garau, ya dube ni, ya fashe da kuka, ya juya ya nufi ƙofa.

Sista Rifkatu, nas ɗinmu 'yar Kafanchan, ita ta tare shi da Turanci. Ta dawo tana dariya har da riƙe ciki.

"Malam Sani, ka ɓata wa bawan Allah ibada!"

"Ibada kuma, Sista? Na ɗauka takaicin ƙwallo ne ya kayar da shi."

Ta ce a ƙasarsu akwai babban cocin Maryamu da suke kira ta Guadalupe, kuma yau ce ranarta. Wanda ya roƙa ya samu, yakan je godiya a kan gwiwa. Lokacin korona mahaifiyarsa ta kwanta har an fid da rai, ya yi alkawarin rarrafen in ta tashi. Ta tashi, gogan ya yi ta ɗagawa, bana ta ce ba ta yafe ba in ya sake. Shi kuwa ya yanki tikitin komawa na bayan wasan ƙarshe, wai ƙasarsa za ta kai. Aka koro su tun zagayen farko, ranar ta riske shi a Doha. Tunda na ɗauke shi, sai ya sake daga farko.

Kunya ta kama ni, ga gwiwarsa ta fara jini a kan kwalta. Na kwaso kwalayen ruwan sha ina shimfiɗa masa, in ya wuce wannan in mayar gaba. Ni ɗan liman guda daga Funtuwa, ga ni ina yi wa Maryamar Mexico hidima. Oga ya sake kira, na ce, "Oga, bai faɗi ba, tafiya yake yi, sauri ne dai babu."

Da ya isa ya kira tsohuwar ta bidiyo, ya nuna mata gwiwarsa, ya haska ni yana yabona. Ta yi ta faɗa tana kaɗa yatsa. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Sista, me kuma ya faru?"

"Wai ta ga kwali a hannunka. Ta ce ita da ta yi nata rarrafen lokacin haihuwarsa, ba wanda ya shimfiɗa mata komai. Sai ya koma ƙofa ya sake."

Ya dube ni, na dube shi. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Aikin gadi yana koya maka saurin kai hannu, ba ya koya maka tambaya. Sau biyu na taimaki mutumin nan, sau biyu na mayar da shi ƙofa. Karo na uku na goya hannuna a baya, na bi shi ina kare masa hanya kawai, kuma a wannan ne alkawarinsa ya cika.