Ƙauyen Ammu Yana Ƙarshen Littafi

Shekarun baya, ina ɗalibi a Alƙahira, na zauna a wani bene a unguwar Ainu Shams. A hawan ƙasa akwai wani dattijo ɗan Nuba, mutumin kudancin Masar, muna kiransa Ammu, wato Baffa. Yana saurayi aka gina babbar madatsar Nilu, ruwa ya shanye ƙauyensu.

Wata rana ya gan ni rungume da littattafan fiƙihu, ya yi dariya ya ce ban san Masar ba tukuna, tunda ban karanta komai a kan kudu ba. Ya kwatanta mini wani littafin tarihi da ya bi ƙauyukan Nuba ɗaya bayan ɗaya. Na samo shi wurin masu tsofaffin littattafai a kasuwar Ataba. Da na kawo, ya daɗe yana shafa bangon, sannan ya ce idonsa ya yi rauni, in riƙa karanta masa ranar Juma'a bayan la'asar.

To, ni a zaure na yi karatu. A wurinmu ba a tsallake babi. Daga basmala ake farawa, a bi layi-layi har a sauke. Haka na kama littafin nan, in karanta, Ammu ya yi bayani, in rubuta bayaninsa da ajami a gefen shafi, ina jin kaina wani shehi. Ƙauyensu kuwa yana dab da ƙarshe, domin marubucin daga arewa ya faro.

Wata Juma'a ya dafa hannuna.

"Ya ibni, ɗana, mu leƙa garinmu mana, sai mu dawo."

"Ammu, albarkar littafi a bi shi a jere. Muna tafe, in sha Allahu."

Ya ce ma'alish, wato ba komai, ya ƙara mini shayi. Bai sake tambaya ba.

Jarrabawa ta zo, dokar hana fita ta biyo baya, karatun ya riƙa yankewa. Saura ƙauyuka kaɗan ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Aswan. Can Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da labarin ya iso ni na tsallake babi, karo na farko a rayuwata. Abin bai kai tsawon hucewar shayi ba. An ambaci itatuwan dabino, da masallaci mai farar hasumiya, da mashigin jiragen ruwa. Na ɗago kai in tambaya ko haka ne, babu wanda zan tambaya.

Har yau ina girmama ladabin malamanmu. Sai dai Ammu ba karatu ya zo ɗauka ba, gida yake so ya je. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Littafin yana nan wurina. Kowane shafi da muka bi cike yake da bayaninsa. Shafin garinsu, wanda ya fi kowa sani, gefensa fari fat.