Akwatin Wutar Motata

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da wani dattijo mai gyaran wutar mota a Bagudo ya yi mini. Lokacin ina ɗaukar fasinja da buhunan albasa daga Kurgu zuwa kasuwar Lolo, da wata mota da na sayo daga ƙetaren iyaka. Ita ce cina, ita ce shana.

Fitilar gaba ce ta fara ɗaukewa, sai na kai masa, na tafi cin abinci. Da na dawo na tarar da shi zaune a kan benci. Na murɗa makulli, mota ta ƙi ko tari.

Ya buɗe gaban motar ya nuna mini wani baƙin akwati da bai fi tafin hannu biyu ba. Ya ce shi ke raba wuta ga komai, kuma irin na motocin zamani in waya ta taɓa waya sau da yawa, sai ya kulle kansa, ba ya sake buɗuwa. Ba gyara, sai sabo. Ya faɗi tsadarsa, ta fi ƙarfina.

Na ce, "Baba, dama tsohuwar mota ce, kwanan akwatin ne ya ƙare."

Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Wanga aiki hannuna ne. Ina gwada fitila ina haɗa wayoyi irin yadda muka saba da motocin da, ban san shi yana ƙirgawa ba. Ni na kashe shi."

Har yau ina tuna cewa ni da bakina na ba shi hanyar fita. Ba wanda ya gani, ni kuma ban san komai a kan wuta ba. Da a ce ya amsa mini cewa haka ne, da na tafi neman rance ina yi masa godiya.

Washegari ban same shi a garejinsa ba. Maƙwabcinsa mai faci ya ce mini ya sayar da babur ɗinsa, ya tsallaka Benin neman akwatin. Ya yi kwanaki yana bin masu kayan gyara gari gari kafin ya samo wanda ya dace. Ya dawo ya rame, ya ɗaura, motata ta tashi.

Na roƙe shi mu raba asarar. Ya ce, "Tai ka ɗauki mutanenka, gobe kasuwa ce."

Na daɗe ina ganinsa da safe yana takawa a ƙasa zuwa wurin aiki. In na tsaya, wani lokaci ya shiga, wani lokaci ya ɗaga mini hannu in wuce.

A wurinsa na koyi cewa ba a sanin mai gaskiya sai ranar da ƙarya ta fi masa sauƙi, kuma ba mai kama shi.