Littafin Halliru Mai Wankin Allo

Duk wanda ya san Halliru na ƙauyen Turawa, malamin gonar nan mai yawo da babur tsakanin Ƙaraye da Rogo, ya san ba ya yar da takarda. Ko wadda aka ƙunso masa ƙosai a ciki sai ya shanya ta ya adana. Matarsa ta rantse ɓerayen ɗakinsa sun fi na ko'ina ilimi. To, ba haka aka haife shi ba, wuya ce ta koya masa.

Yana yaro kansa kamar kakin zuma yake, abin da ya taɓa shi ya manne. A makarantar allo tun tawada ba ta bushe ba ya haddace ya wanke. Da aka sa shi firamare sai ya tafi da halin: ya rubuta da fensir, ya haddace, ya goge. Littafi ɗaya ya yi masa shekara uku, kuma shi ne na ɗaya kullum. Mahaifinsa, Malam Sulle, har kasuwa yake ba da labarin.

A shekarar 1987 ya shiga sakandaren kwana. Nan ya tarar da darussa goma sha ɗaya, kowanne da malaminsa, kowane malami yana zuba rubutu kamar an biyo shi da gudu. Halliru bai canja ba. Ya haddace na Litinin ya goge, na Talata ya hau kan na Litinin ya danne shi. Ranar jarrabawa ya buɗe kai ya tarar da kasuwa ta watse, sunayen koguna sun auri sassan jikin kwaɗo. Ya zo na arba'in da ɗaya cikin arba'in da uku. Biyun da ya kayar, ɗaya ƙyanda ce ta kwantar da shi, ɗayan tun makon farko ya gudu.

Malam Sulle bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan.

"Na ba ka zuwa ƙarshen shekara," in ji shi. "In ba a wuce da kai aji biyu ba, ka dawo. Shanu ba sa jarrabawa."

Halliru ya koma makaranta yana tunanin kiwon shanu. Shi da ko ɗan maraƙi ya yi atishawa sai ya hau katanga!

Ana tsakiyar zango na biyu malamin kimiyya, Malam Jibo, ya ce kowa ya kawo littafinsa a duba. Na Halliru ya zo fari fat, shafukan sun sha goga har ana hango rana ta cikinsu.

"Kai, ɗan Turawa, ina aikin wata huɗu?"

"Na wanke, Malam."

"Ka me?"

"Na haddace, sai na wanke."

Ajin ya fashe. Wani daga baya ya ce, "Ka sha ruwan kuwa, Alaramma?" Malam Jibo ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya kore su, ya tsayar da Halliru.

"Zo nan, Gwani. A makarantarku ta allo, ranar Laraba me kuke yi?"

"Tilawa, Malam. Mu maimaita na baya."

"In aya ta kuɓuce fa?"

"Sai a duba Alƙur'ani."

"To kai ka ɗauko wankin ka baro tilawar. Kuma in sassan fure suka kuɓuce maka, ina za ka duba? Goshina?"

Malam Jibo ya zare biro daga aljihu ya miƙa masa. "Ga wanda ba ya goguwa. Fensirin nan kuma in na sake ganinsa, kai da shi za ku kwana a ofis."

Daga ranar Halliru ya zama maroƙin littattafai. Bayan la'asar, yara na ƙwallo, shi yana gindin darbejiya yana kwafe aikin wata huɗu na darasi goma sha ɗaya, har yatsansa ya yi kanta irin ta mai noman rani. Ya raba kwanaki: Asabar tilawar kimiyya da lissafi, Lahadi tarihi da Turanci, haka har mako ya zagayo. Yana yi yana rangaji yana rera sunayen ƙasusuwa da ƙira'a, har awakin unguwar malamai suka daina kiwo a wajen. Lissafi ne ya ƙi rerawa. Dole ya zauna ya yi ta warware shi da hannu, yana tsaki.

Ƙarshen shekara aka tara su a fili ana kiran waɗanda suka wuce. Aka kira goma, babu shi. Sha biyar, babu shi. Ya fara jin ƙaurin garke a hancinsa. Sai ya ji, "Na goma sha tara, Halliru Sulle." Ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi hamdalar da aka ce an ji ta har ƙauyen Kwanyawa.

Ya iso gida ya sami mahaifinsa a zaure yana tufka igiya. Bayan gaisuwa ya miƙa takarda. Malam Sulle ba ya karanta boko, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

"Ni faɗa mini da baki. An wuce da kai?"

"An wuce, Baffa."

"Na nawa?"

"Sha tara."

"Da can na ɗaya, yanzu sha tara, kana kuma washe baki." Tsohon ya sunkuyar da kai kan igiyarsa don kada a ga nasa bakin. "Madalla. Hutun kwana nawa ne?"

"Mako shida."

"To shiga ka sha fura. Gobe kai za ka fita da shanu."

Washegari Halliru ya kora garke yana fito, yana tafe nesa-nesa da babban bijimin. Mako shida ne kacal, ko kura aka ba shi kiwo zai iya.