Yaya Habibu da Tayoyi Masu Farin Gefe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Habibu a kan hanyar da ta fita daga Riyad ta nufi Kharj. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, mutanen Gusau, kuma shi ya samo mini kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ya kawo ni ƙasar nan na zama direba. Shi kuwa faci yake yi a wani shagon taya a unguwar Gubaira, abin da mutanen nan ke kira banshar.

Yaya mutum ne mai son abu mai kyau, ko da ba nasa ba ne. A cikin duk tayoyin da ke bi ta hannunsa, babu wadda ta kwanta masa a rai kamar taya mai farin gefe, irin ta manyan motocin Amurka na da. In aka kawo ɗaya shagon, sai ya ajiye aikin da ke gabansa, ya ɗauko sabulu da buroshi ya wanke farin har ya fito tas, ba tare da an sa shi ba. Mu muna yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

A shekarar da ya rasu, wani dattijo daga unguwar Badi'a, Abu Fahad, ya kawo tsohuwar motar Amurka da ya gada a wurin mahaifinsa. So yake ɗansa ya hau ta ranar ɗaurin aurensa, kuma da irin tayoyin da ya san ta da su tun yana yaro. Yaya ya yi ta cigiya har ya samo guda huɗu a wani tsohon sito a unguwar Batha. An taɓa hawansu, amma kaɗan. Zanen bai cinye ba, ba tsaga ko ɗaya a gefe. Ranar da ya kawo su, ya kira ni na zo na gani, fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Na tambaye shi ko suna da lafiya. Ya shafa ɗaya, sannan ya ce, “A ido dai ba su da aibu. Amma roba daga ciki take tsufa, Nura. Ba zan ba ango ba sai na hau titi da su da kaina.”

Haka ya yi. Ya ɗaura wa motar su, bayan azahar ya fita da ita, a tsakiyar watannin zafi, lokacin da kwalta ke ƙona tafin takalmi. Direban babbar motar da ke bayansa ya ce tayar baya ce ta ɓare kamar an fere ta, motar ta juya ta faɗa gefen hanya. Irin waɗannan motoci ba su da bel ɗin ɗaure jiki. Kafin in isa asibiti, rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abu Fahad ya tsaya a sahun gaba aka yi sallar gawa. Da aka idar ya riƙe hannuna, hawaye na bin gemunsa. An yi bikin a mota ta yau da kullum. Angon yanzu yana da 'ya'ya uku.

Yau tsofaffin motoci sun dawo yayi a Riyad. Da sanyi ya shigo, samari ke jera su a filaye, jama'a na ta ɗaukar hoto. A waya kuwa ana tallar tsofaffin tayoyin nan, mai sayarwa yana rantsuwa cewa na asali ne, kamar tsufan shi ne shaidar lafiyarsu. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai tsaya ya shafa farin, ba zai iya wucewa ba. Na kuma san zai ce a ɗora motar a kan babbar mota a kai ta wurin nuni, in kuwa tuƙa ta za a yi, a sa mata sababbi, tunda yanzu ana ƙera su da farin gefen. Tsohuwar taya tana da darajarta, amma darajar kallo ce. Ba a ɗora mata rai.

Bara matar yayana, Yaya Rabi, uwar 'yarsa Hafsa, ta zo Umara, ta biyo ta Riyad a karo na farko. Na kai ta maƙabarta. Mata ba sa shiga, sai ta zauna a mota a gindin katanga, ni na shiga na yi addu'a. Kaburburan nan ba a rubuta suna, layin kawai nake iya ganewa. Da na dawo sai ta ce, “Nura, wai da gaske tayoyin suna da kyau?”

Na ce, “Wallahi suna da kyau, Yaya.”

Ta gyaɗa kai. “Ai na sani. Baban Hafsa ba ya ɗaukar abu mara kyau.”

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, shagon ma an rushe shi an yi bene. Na daɗe ina jin haushin ƙaunar da ya yi wa roba da farin fenti. Yanzu na daina. Mutumin da ya so abu har haka, ya kuma ƙi ya miƙa shi ga ɗan wani sai ya gwada da jikinsa, ba wauta ya yi ba. Amana ya riƙe. Allah ya jiƙan Yaya Habibu, ya sa kabarinsa ya fi masa ɗakin da muka zauna a Gubaira yalwa da sanyi.