Sada Masinja da Estrojin

Duk wanda ya zauna majalisarmu ta Ƙofar Guga ya san marigayi Sada Masinja ba ya shan magani sai ya karance takardar da ke cikin kwalin. Zai ɗauko tabaraunsa mai ƙafa ɗaya, ya maƙale ɗaya gefen da zare, ya bi ƙananan rubutun nan da yatsa kamar alƙali na raba gado. A aji huɗu muka ajiye boko ni da shi, amma shekarun da ya yi yana ɗaukar fayil a ofisoshin gwamnati sun sa yana jin kansa rabin likita. Maganarsa kullum ita ce, "Ni ba ni haɗiye abin da ban san sunan ubanshi ba."

Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce. Tsokanarsa haƙƙina ne tun muna yawo ba wando.

Ranar da kunama ta harbe shi, muka kai shi kemis yana salati. Mai kemis ya zuƙo allura, Sada ya damƙe tazuge.

"Tsaya! Ina takardar?"

"Baba, an yar da ita."

"To a maido mani kunamata, ita na san gidansu!"

Haka muka dawo da shi, yana ɗingishi yana alfahari.

Da matarsa Hajara ta manyanta, sai wani zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa sharkaf ko da sanyi ake. Mata suka ce iska ce. Sada ya ce a fara jin ta bakin asibiti. Can ya tsare Sista Rifkatu, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, da kwalin maganin da aka ba Hajara a hannu.

"Sista, wannan kalma fa, mi take nufi?"

"Estrojin, Baba. Sinadari ne da jiki ke yi da kansa, ya fi yawa a jikin mata. Shi ke fito wa yarinya da ƙirji, ya tsara al'ada, ya ƙarfafa ƙashi. In shekaru sun ja sai ya ragu, shi ne zafin da Mama ke ji."

"Mu maza fa?"

"Kuna da shi, kaɗan."

"Sista, ki iya bakinki!"

Ya ninke takardar, ya jefa a gwangwanin da yake tara su. Kai, mun sha estrojin a majalisa! Mai shayi ya ɗaure fuska? "Ku ƙyale shi, estrojin ɗinshi ne ya yi ƙasa." Akuya ta ƙi kiwo? Estrojin. Har ni ya duba wata rana ya ce nawa ya yi yawa, shi ya sa ba ni da sirri.

Sai fitsari ya fara yi masa gardama. Aka auna, aka ce ciwon daji ne, irin wanda ke kama tsofaffin maza a ƙasan mafitsara, kuma ya riga ya taɓa ƙashi. Likita ya rubuta wata ƙwaya. Sada ya sa tabarau, yatsansa ya tsaya cak a kan kalmar da ya fi kowa sani: estrojin. Likita ya ce ciwon da sinadarin maza yake rayuwa, wannan ƙwaya kuwa danne shi take yi.

"To," in ji Sada, "aƙalla na san ubanta."

Ya sha, ciwon ya lafa, ya dawo majalisa da sanda. Amma sai na lura ya riƙa zuwa cikin babbar riga a tsakiyar bazara. Wata la'asar ya sunkuya zai ɗauki buta, na ga ƙirjinsa ya tasa. Da na yi shiru, da ba ku ji wannan labari ba.

"Sada," na ce, "in leƙa kasuwa in zaɓo maka rigar mama?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

"Ka zaɓo mai fure, Iro, ja'irin banza."

Kafin damina ta ƙare ya kwanta. Ihun da ya yi na ciwon ƙashi, ba na fatan maƙiyina ya ji irinsa.

Bayan addu'ar bakwai Hajara ta sa aka kira ni zaure, ta turo mani gwangwanin nan daga bayan ƙyaure. A ƙarƙashin takardun, ƙwayoyi ne cike, ko ɓare su ba a yi ba.

"Wata la'asar ya dawo ya tambaye ni, wai ana gani?" in ji ta. "Na ce wa zai kula? Ashe tun ranar, ruwa kawai yake kurɓa a gabana."

Ba ta san wanda ya kula ba. Ni ma ban faɗa mata ba, sai yau da na rubuta.

Allah ya jiƙan Sada, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya sanyaya masa makwanci. Ni kuma, ya Ubangiji, ka sa ya yafe mani kafin in iso.