Tsingaron Kufai

Jiya garma ta tono mini tsingaro a kufan garinmu, sai na tuna kakata. Ina yaro na tambaye ta inda mutanenmu suka fito. Ta tsinci irin wannan tsingaro, ta goge da bakin zanenta mai ƙanshin daddawa.

Ta ce, "Angona, kai wa mai ginin tukwane ta gane hannun da ya gina shi. Makaɗi ya ba ka kirari, wanzami ya fassara tsaga. Asali ya fi ƙarfin bakin mutum ɗaya."

Bana masu bincike sun zo daga jami'a, wani na tono, wata na naɗar muryoyin tsofaffi. Sun makara, ba su iske kakata ba.

Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka. Ya ba mu kunnen sauraron waɗanda suka rage.