Noti Ɗaya a Hanyar Zurmi

Na yi shekaru masu yawa ina jan motar haya tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, wani lokaci in leƙa Zurmi idan an samu fasinja. Yanzu idona ya yi rauni, na ajiye tuƙi. Cikin duk abin da ya same ni a kan hanya, wanda ya fi dawo mini shi ne ranar da taya ta ƙi fita, matata tana zaune a bakin titi tana jira in kai ta wurin mahaifinta.

Ranar Laraba da yamma yayanta ya kira daga Zurmi, ya ce jikin tsoho ya yi tsanani, kuma yana ta tambayarta. Ita ce autarsa. Nan take ta haɗa kayanta. Ni kuwa na ce gobe kasuwar Shinkafi, bari in yi sawu ɗaya da sassafe, kafin hantsi mun kama hanya. Ban dawo ba sai da rana ta take. Na same ta a zaure da mayafinta da jakarta. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsawo dama da hagu har ba ka hangen abin da ke bayansa. A shekarun nan kowa ya san halin hanyar da 'yan bindiga. Ba a son tsayawa, kuma da la'asar ta wuce motoci suke ɗaukewa. Mun wuce rabin tafiya sai na ji motar tana ja gefe ɗaya. Na sauka na duba, tayar baya ta dama ta sace.

Ban damu ba. Safaya, wato tayar canji, tana da iska, ga jak, ga sifana. Na ce wa matata ta sauko ta sha inuwa a gindin wani itace, yanzu za mu wuce.

Noti huɗu ne a tayar. Uku suka kwance ba gardama. Na huɗun daban ne. An taɓa sace mini tayoyi a tasha, shi ne na sayi irin notin nan mai santsi, wanda sifana ba ta kama shi sai an ɗora masa wani ɗan makulli nasa, na sa wa kowace taya ɗaya. Sannan ina da wata ɗabi'a. Duk lokacin da mai faci ya gama ɗaure taya, sai in zura bututun ƙarfe a hannun sifana in hau kai da ƙafa, in danna har sai ya yi ƙara. Mai facin ya sha gaya mini cewa ƙarfe ma yana da iyaka. Kusan wata ɗaya kafin ranar ya nuna mini wannan notin da yatsa, ya ce bol ɗinsa ya fara saki, in je a canza. Na ce bayan kasuwa. Kasuwanni suka yi ta wucewa.

Na ɗora makullin na murɗa. Notin ya juya, da sauƙi ma, har na yi murna. Na ci gaba da juyawa, amma bai matso ko kaɗan ba. Bol ɗin da yake ɗaure a kai, wanda ya kamata ya tsaya cik a jikin mota, shi ne ya saki daga baya, suna juyawa tare. Na ɗaga motar da jak, na kwanta ƙarƙashi ko zan riƙe shi ta baya. Ƙarfen birki ya rufe wurin, ko yatsa ba ya shiga. Na fito na samo dutse na buga, na sake murɗawa. Haka nan.

Motoci biyu ko uku sun wuce. Na ɗaga hannu, suka rage gudu, suka dube mu, suka ƙara wuta. Ban ga laifinsu ba, don ni ma haka nake yi idan na ga mota a tsaye tsakiyar gero. Wayata kuma babu sabis a wurin. Matata tana ta ɗaga tata sama tana dubawa.

Ina kwance ƙarƙashin motar karo na biyu na ji babur ya tsaya. Wani dattijo ne kamar sa'ana, da rawani ya rufe haɓa, ya ɗaure buhun gishiri a kan tanki.

Ya yi sallama ya ce, "Na hango ƙafafu ƙarƙashin mota, na ce ko sabon tuƙi ne anka fito da shi, daga ƙasa."

Na fito ina karkaɗe riga, na nuna masa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Dabararsa ita ce ya zura ƙarfen jak tsakanin taya da jikin mota ya banƙaro ta waje, ni kuma in murɗa, ko bol ɗin zai cije. Muka yi har gumi ya jiƙa mu. Notin yana ta yawonsa.

"Wanga noti wa ya ɗaure shi?" in ji shi. "Wanda ya yi aikin nan bai yi niyyar a sake kwance shi ba a duniya."

Na ce masu faci ne.

"Allah ya shirye su. To, Direba, nan sai mai walda, ko guduma da abin sara. Ina kuka nufa?"

Kafin in amsa matata ta ce, "Zurmi. Babana ne ba lafiya, tun jiya yake kirana."

Mutumin ya miƙe ya dube ta, ya dube ni. "Ai Zurmi za ni. Ba ni ita in sauke ta ƙofar gida, kai ka taho daga baya. Kamar ƙanwata ce."

Na waiwaya, har ta ɗauki jakarta.

Na ce a'a. Na ce hanya ba ta da kyau, ba a ba wanda ba a sani ba mace. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta hana ni ba. Mutumin nan ya ɓata lokacinsa a inda kowa ke gudu, na ga fuskarsa, na san ba mugu ba ne. Abin da na hango shi ne ƙofar gidan surukaina cike da mutane, a ga matar direba ta sauka daga babur ɗin wani, a tambayi ina mijin da motarsa. Na hango 'yan tasha suna ba da labarin.

"Malam, don Allah," in ji ta.

"Ki zamna. Saura kaɗan."

Dattijon ya ce, "To ga wata. Kai hau babur ɗin ka kai ta da kanka, ni in tsare maka mota. Ba inda za ta, ai ka gani."

Har dariya na yi. Na ce na gode, yanzu zai fita. Ya sa takalminsa. Ya ce idan ya ga bakanike zai turo mana. Ya ce wa matata, "Allah ya ba tsoho lafiya," ya tayar da babur. Ta tsaya tana kallonsa har gero ya rufe shi, sannan ta koma gindin itacen ta zauna, jakar tana kan cinyarta.

Daga nan ban san me nake yi ba. Na murɗa dama, na murɗa hagu. Na zuba man birki a kan notin, wanda ba shi da amfani tunda ba tsatsa ce ta riƙe shi ba. Na cusa tsinke, na cusa ƙusa. Fatar yatsuna ta sale. Bakanike bai zo ba, kuma ban sa rai ba, don ba wanda zai baro gari ya shigo wannan wurin da yamma. Inuwar motar ta yi tsawo. Muka yi la'asar a gefen titi da ruwan jarka. Na sallame na koma kan taya, ita tana nan a zaune hannuwanta a sama. Ana cikin haka ɗan makullin ya tsage a hannuna. Yanzu ko juyawar ma babu abin da zan juya shi da shi.

Na tsaya ina kallon tayar. Hanya ta yi tsit, ba mota, ba babur. Sai na mayar da notin nan uku na ɗaure, na sauke jak, na ce wa matata ta shiga. Na ja motar a kan sacacciyar taya, a hankali, tana ɗingishi tana bugun kwalta. Kafin mu yi nisa robar ta yayyage, muka koma tafiya a kan ƙarfe. Wannan zan iya yi tun farko. Ƙarfen tayar nake tausayi.

Mun shiga Zurmi rana ta yi ja. Tun daga bakin layi muka ga mutane a tsaye sahu-sahu, an sallame salla, ana ɗaga makara. Ban gama tsayawa ba ta buɗe ƙofa. Ba ta yi kuka a waje ba, ta ratsa ta gefen bango ta shige gida. Ko fuskarsa ba ta gani ba. Ni na bi mutane zuwa maƙabarta da baƙin mai a hannuna.

A hanyar dawowa na tambayi yayanta yaushe abin ya faru. Ya ce ana kiran la'asar. Ya ce har azahar yana magana sarai, ya sha kunu, ya tambaya ko mun taso. Dattijon nan mai babur ya bar mu ba a daɗe da azahar ba.

Kwana uku na zauna a kan tabarma ina karɓar gaisuwa tare da 'ya'yansa. Duk wanda ya zo sai an nuna masa motar, ga ƙarfen taya ya lanƙwashe, a ce dubi yadda bawan Allah ya jawo ta don ya kawo matarsa. Mai waldan da ya zo ya yanke notin ya ce ba mai iya cire shi da hannu. Yayanta ya riƙe hannuna ya yi mini godiya, ya ce na yi iyakar ƙoƙarina, haka Allah ya rubuta. Na amsa godiyar.

Matan gidan sun tambaye ta abin da ya tsare mu. Ta ce taya ce ta ƙi fita. Ba ta ambaci mai babur ba, a ranar ko bayanta, kuma ni da ita ba mu taɓa tayar da zancen ba. Har yau 'yan'uwanta sun ɗauka noti ne ya hana ta ganin mahaifinta.